Madubin Babur da Kurɗawa Tsakanin Motoci

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin hanyar Mararaba zuwa Nyanya da sassafe, sa'ad da ma'aikata ke ɗunguma zuwa Abuja, ko kuwa a mahaɗar Iwo Road ta Ibadan da la'asar sakaliya, ya ga yadda motoci kan yi cirko-cirko, babura kuwa suna ta silalewa a tsakaninsu. In ya ƙara lura, zai ga da yawa cikin baburan nan ba su da madubi ko ɗaya. Waɗansu suna da guda, amma an karkato shi ciki, ba abin da yake nuna wa mai shi sai fuskarsa. Ba kuwa haka aka sayo su ba. Sabon babur yakan zo da madubansa biyu, sai dai sau da yawa tun a wurin haɗi mai shi kan ce wa makanike kada ma ya wahalar da kansa wajen ɗaura su.

In aka tambayi dalili, amsar kusan ɗaya ce daga Sakkwato har Kalaba: wai madubi yana hana kurɗawa. Mai babur ya sayi babur ne don ya wuce inda mota ta tsaya, saboda haka duk abin da zai ƙara masa faɗi, a ganinsa, cikas ne. Wannan magana ba ta wofi ba ce, kuma tsawa kaɗai ba ta isa ta kawar da ita ba. Ya kamata a auna ta da awo, a ga inda take da gaskiya da inda ta kauce, domin rayukan mutane ne a kai.

Asalin al'amarin

Cunkoson motoci ya daɗe a biranen ƙasar nan. Bayan ƙarin albashin Udoji na tsakiyar shekarun 1970, motoci da babura suka yawaita ƙwarai, har a 1977 aka kafa doka a Ikko, watau Legas, wadda ta raba wa motoci ranakun shiga waɗansu manyan hanyoyi bisa ga lambarsu. Haya da babur kuwa, wadda ake kira acaɓa ko kabu-kabu a Arewa, okada a Kudu, ta bunƙasa ne a ƙarshen shekarun 1980, lokacin da tattalin arziki ya ƙuntata, motocin haya suka yi wuya. Daga baya hukumomi sun taƙaita ta a wurare da dama. An hana ta a tsakiyar birnin Abuja a 2006, Kano ta hana ɗaukar fasinja a kan babur a cikin birni a 2013, Legas kuma ta yi ta ƙara faɗaɗa haninta a 2012 da 2020 da 2022. Duk da haka babur bai bar hanya ba. Ga ma'aikaci mai zuwa ofis a kan nasa, ga masu kai saƙo da abinci, ga 'yan acaɓa a garuruwan da ba a hana ba. Dukansu, in suka iske gosulo, kurɗawa suke yi.

Kurɗawa iri biyu ce, kuma wajibi ne a bambanta su. Akwai wadda ake yi sa'ad da motoci suka tsaya cik ko suna rarrafe, kamar a gaban danja ko bakin shataletale, mai babur ya bi tsakaninsu sannu har ya kai gaba. Akwai kuma wadda ake yi motoci suna gudu, babur ya ratsa tsakanin layi biyu da gudun da ya fi nasu. Ta farko ce waɗansu ƙasashe suka yarda da ita bisa sharuɗɗa. Ta biyu ita ce ke cika ɗakin masu karaya a asibiti.

Hujjar masu cire madubi

Hujjojinsu uku ne. Ta farko ita ce faɗi, wadda aka riga aka ambata. Ta biyu ita ce asara. Madubin babur in ya gogi na mota, sau da yawa rigima ce ke tashi, a tare hanya, a ƙwace makulli, a nemi mai babur ya biya abin da bai samu ba a yinin nan. Ga kuma ɓarayi masu kwance madubi a inda aka ajiye babur. Ta uku ita ce mafi ƙarfi: suna cewa mai kurɗawa ba shi da lokacin duban baya, domin duk abin da zai kashe shi a gabansa yake.

Wannan hujja ta uku tana da goyon bayan bincike. A 1981 aka buga sakamakon wani nazari da Harry Hurt ya shugabanta a Amurka, inda aka bi diddigin haɗurran babur 900 a yankin Los Anjalis. An gano cewa fiye da kashi uku cikin huɗu na abubuwan da suka jawo haɗarin a gaban mahayi suke, ko kai tsaye ko ɗan gefe kaɗan. Haka kuma a 2015 Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta fitar da nazari a kan mahaya 5,969 da suka yi haɗari, waɗanda 997 cikinsu kurɗawa suke yi sa'ad da abin ya faru. A cikin masu kurɗawar, kimanin kashi 38 cikin ɗari su ne suka daki bayan wata mota, alhali a cikin sauran mahayan kimanin kashi 16 ne kawai. Waɗanda aka daka ta baya kuwa sun fi ƙaranci a cikin masu kurɗawa: ƙasa da kashi 5 cikin ɗari, sauran kuma kashi 6. Watau dai mai kurɗawa ya ɗan tsira daga abin da ke bayansa, amma ya ƙara wa kansa haɗarin abin da ke gabansa.

To, in haka ne, ashe masu cire madubi sun yi gaskiya ke nan? Kafin a amsa, sai a ɗauko tef ɗin tela.

Abin da awo ya nuna

Kan babur irin wanda aka fi hawa a ƙasar nan, daga ƙarshen wannan mariƙi zuwa ƙarshen wancan, yakan kai santimita 70 zuwa 80. Madubin da kamfani ya ɗaura masa yakan yi daidai da bakin mariƙin ne, ko ya ɗara shi kaɗan, abin da bai wuce faɗin tafin hannu ba a kowane gefe. Akwai dalilin da ya sa ba a matso da shi ciki ba. Ƙa'ida ta 81 ta Majalisar Ɗinkin Duniya a kan ƙirar ababen hawa, wadda masu ƙera babura da yawa ke bi, ta ce tsakiyar kowane madubi ya nisanci tsakiyar babur da aƙalla santimita 28, madubi mai zagaye kuma kada faɗinsa ya gaza milimita 94. In aka matso da shi fiye da haka, kafaɗa da hannun mahayi ne za su cika shi. Mai babbar riga ko mai faffaɗan hannun kaftani ya fi kowa sanin haka.

Sai a juya ga hanya. Babbar hanya mai layi biyu a hannu ɗaya takan kai faɗin mita 7.3, watau kowane layi mita 3.65. Ƙaramar mota ba ta cika wuce mita 1.8 ba. In kowace mota tana tsakiyar layinta, abin da ya rage tsakanin motoci biyu mita 1.85 ne. A cire abin da madubansu suka ci, kamar santimita 15 zuwa 20 kowanne, saura kimanin mita ɗaya da rabi. Babur mai madubai biyu, ko da faɗinsa duka ya kai santimita 85, zai wuce da rarar fiye da santimita 30 a dama, fiye da 30 a hagu. A irin wannan hanya madubi bai hana kowa kome ba.

Amma kowa ya san yadda gosulo yake a garuruwan nan. Hanya mai layi biyu, kafin a ankara, ta koma layi uku. Motoci uku a jere sun cinye mita 5.4, saura mita 1.9 ga hanyar baki ɗaya. Ko da motocin gefe sun manne da bakin kwalta, abin da zai rage a kowane tsakani bai kai mita guda ba, in kuma aka cire maduban motocin sai ya dawo kamar santimita 60. Babur mai kan santimita 75 ba ya shiga santimita 60 kai tsaye, ko da madubi ko babu. Shi ya sa ake ganin mahayi yana karkata kan babur yana kewaye madubin wannan mota, yana sa ƙafa a ƙasa yana tura na waccan. Shi ya sa kuma waɗansu ba su tsaya ga cire madubi ba, har sukan sa a lanƙwashe musu kan babur ko a yanke shi don ya tsuke. Wannan ya fi cire madubi muni, domin gajeren kai yana rage wa mahayi ikon sarrafa babur sa'ad da tayar gaba ta faɗa rami ko ta hau yashi.

Akwai wani abin da masu wannan dabara kan manta. Kan babur ba kullum ne ya fi kome faɗi ba. In an ɗauki fasinja, gwiwoyinsa sukan buɗe su kai faɗin kan ko su wuce. In an ɗaura jarkoki ko buhun masara ko akwatin kai saƙo, kayan ne za su fara taɓa mota. Mahayi yana ganin kan baburinsa, yana iya karkata shi, amma ba ya ganin gwiwar wanda ya goya. Ratar da ta matse har madubi ya gagara wucewa, ita ce ratar da za ta kama gwiwar fasinja bayan rabin sakan. An ce kyanwa takan gwada rami da gashin bakinta kafin ta sa kai. In gashin ya taɓa, sai ta fasa. Aikin da madubi ke yi wa mai babur ke nan ko bai duba shi ba. Wanda ya cire shi ya jefar da ma'auninsa, fasinjansa kuwa shi zai biya.

Gaskiya ne akwai inda madubi kan yi karo. Madubin babur ya fi na ƙaramar mota tsawo daga ƙasa, saboda haka yakan bi ta samansa ya wuce, amma yakan yi kusan daidai da na jif da na ƙaramar bas. A nan ne ake yawan jin ƙarar fashewa. Maganin wannan shi ne mai babur ya san tsawon madubinsa kamar yadda ya san faɗinsa, in ya hango bas biyu kafaɗa da kafaɗa ya dakata har ɗaya ta gota.

Matakai uku na kurɗawa

Kuskuren masu cewa haɗari duk a gaba yake shi ne sun ɗauki kurɗawa abu guda, alhali matakai uku gare ta: shiga, da tafiya a ciki, da fita.

A mataki na tsakiya sun yi gaskiya. Muddin babur yana cikin ratar, idon mahayi a gaba ya kamata ya zauna, kuma nesa, wajen mota ta huɗu ko ta biyar. Abin da yake nema shi ne tayar gaban mota da ta fara karkata, da gurbin da ya buɗe a layin kusa wanda lalle wani direba zai yi wuf ya faɗa, da ƙofar da fasinja zai buɗe don ya gaji da zama, da yaron mota da ke leƙe, da mai talla ko yaro ɗan makaranta da zai ɓullo ta gaban bas ba tare da ya zaci wani abu na tafe ba tunda ya ga motoci a tsaye. Madubi ba ya nuna ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Shiga kuwa wani abu ne dabam. Mai babur da ke bayan mota ya yanke shawarar faɗawa cikin ratar da ke hagunsa. Ratar nan hanya ce, kuma ba tasa ce shi kaɗai ba. A lokacin tashi daga aiki babura kan jeru a cikinta kamar tururuwa, waɗansu da gudun da ya ninka nasa. In ya leƙo da tayarsa ba tare da ya duba ba, wanda ke tafe ba shi da inda zai kauce, domin ƙarfe ne dama da hagu. Sai karo, su biyu su zube tsakanin motoci, in an yi rashin sa'a layin ya motsa a daidai lokacin. Irin wannan haɗari na babur da babur, a idon wanda ya faɗo daga baya, abu ne da ya ɓullo a gabansa. Amma wanda ya jawo shi, rashin duban baya ne ya sa shi. Ke nan lissafin da ya ce haɗari a gaba yake bai wanke mai cire madubi ba.

Haka fita take. Danja ta ba da hannu, motoci sun fara ɗaukar gudu, mai babur yana so ya koma cikin layi. Tilas ya san ko motar da ya wuce yanzu ta taso, da kuma irin saurin da ta taso da shi. Haka in zai taka birki a tsakiyar rata domin wani ya tsallaka: in akwai babur manne da bayansa, gara ya fara rage gudu da wuri, fitilar birkinsa ta yi wa na bayan gargaɗi, da ya tsaya farat ɗaya. Haka kuma in ya kai gaban layi ya tsaya, ko ya iske ƙarshen gosulo a kan babbar hanya. Wannan wuri na ƙarshe shi ne mafi haɗari ga babur, domin motar da ke tafe da gudu, ko tirela mai raunin birki, ba ta san an tsaya ba. Mahayin da ke kallon madubi, yana cikin giya, yana iya zamewa cikin rata ya tsira. Wanda ba shi da madubi sai ƙarar taya zai ji, ita kuwa takan zo a makare. Jiniyar motar asibiti ma, a cikin hayaniyar gari da hular kwano a ka, ba a cika gane ta ina take fitowa ba sai an gan ta.

Waiwaye ba ya maye gurbinsa

Mai babur zai ce ai yana da wuya, yana iya waiwayawa. Sai a lissafa abin da waiwaye ke ci. Babur mai gudun kilomita 30 a awa yana cin fiye da mita 8 a kowane sakan, watau kusan tsawon ƙananan motoci biyu. Cikakken waiwaye, a juya kai a ga baya a dawo da ido a sake gane abin da ke gaba, yakan ɗauki sakan guda ko fiye. A cikin rata mai faɗin mita ɗaya da rabi, wannan daidai yake da wuce motoci biyu ido rufe. Ban da haka, jiki yakan bi kai: mahayi in ya juya hagu, hannunsa kan ja kan babur hagu ba da saninsa ba. Satar kallon madubi kuwa ba ta kai haka daɗewa ba, kai ba ya juyawa, kuma gefen ido yana nan yana tsaron gaba. Abin da ke faruwa a zahiri shi ne, mahayin da ba shi da madubi ya san waiwaye yana da haɗari a cikin rata, saboda haka ba ya yin sa sam. Sai ya danna oda ya faɗa, ya bar sauran ga Allah da birkin na baya.

Amma fa shi ma madubi yana da iyakarsa, kuma wanda ya dogara gare shi kaɗai zai sha mamaki. Yawancin maduban babur masu doro ne, watau fuskarsu ta ɗan kumbura don su ɗebo fili mai yawa. Ladan haka shi ne faɗin gani, hasararsa kuwa ita ce kome yakan ƙanƙance, abin da ke kusa ya zama kamar yana nesa. Sabon mahayi yakan ga fitila 'yar ƙarama ya ɗauka da sauran tazara, alhali ta iso. Sa'an nan akwai maɓoya, wurin da ke daura da kafaɗar mahayi zuwa ɗan bayanta, wanda madubi ba ya kaiwa, ido kuma ba ya kaiwa sai an juya. Mota sukutum tana iya ɓuya a nan. Saboda haka tsarin da ake koya wa mahaya shi ne madubi tukuna, sa'an nan sigina, sa'an nan ɗan gajeren waiwaye zuwa kafaɗa, kana a karkata. Ana yin wannan kafin shiga rata da kafin fita daga cikinta, lokacin da gudu ya yi ƙasa, ba a tsakiyarta ba.

Gudu ne ke yanke hukunci

Ƙasashen da suka halatta kurɗawa ba su yi gardama a kan madubi ba, domin a wurinsu babur mai hawa hanya da madubinsa yake tafe. Abin da suka ɗaure shi ne gudu. Jihar New South Wales ta Ostareliya ta yarda da ita daga 1 ga Yuli 2014, bisa sharaɗin kada a wuce kilomita 30 a awa, kada a bi ta gefen bakin hanya ko kusa da motocin da aka ajiye, kuma ban da masu koyo. Kalifoniya ta shigar da ita cikin doka a 2016. Faransa, bayan gwaji na shekaru tun daga 2016, ta halatta ta a Janairun 2025 a kan manyan hanyoyi masu rabe, tsakanin layuka biyu na can hagu kaɗai, kuma kada a wuce kilomita 50 a awa. Nazarin Berkeley da aka ambata ya nuna raunuka sukan ƙaru in gudun babur ya ɗara na motocin da yake ratsawa da fiye da kimanin kilomita 24 a awa. Waɗannan dokoki na ƙasashensu ne, ba su ba mai babur a Nijeriya izinin kome ba. Abin da ya hau kansa shi ne dokar hanya ta tarayya da ta jiharsa, wadda ta lissafa madubi cikin kayan da abin hawa zai kasance da su. An kawo su ne don a ga inda masu nazari suka sa ido.

Dalilin a fili yake. Tazarar da birki ke bukata ba ta tafiya daidai da gudu: in gudu ya ninka biyu, ita takan ninka huɗu. Mai tafiya kilomita 15 a awa, in ƙofa ta buɗe a gabansa, yana da damar tsayawa, ko ya taɓa ta a hankali. Mai tafiya 45 tazarar birkinsa ta ninka ta wancan sau tara. Kuma a gudun kilomita 15, santimita biyar ko goma da madubi ya ƙara ba su dami kowa ba, domin akwai lokacin auna rata, akwai lokacin tsayawa. Sai gudu ya yi yawa ne kowane yatsa na faɗi ke zama abin tsoro. Mahayin da ya ji madubi yana takura masa, galibi saurinsa ne ya wuce abin da ratar za ta ɗauka. Sauri kuwa, in ji Hausawa, ya haifi nawa.

Madubin direba

Rabin maganar yana hannun masu mota, domin madubin da ya fi tsare ran mai kurɗawa shi ne wanda ke jikin motar da yake wucewa. Direban da ya naɗe madubansa don kada a fasa masa, ko ya bar gurbinsu wayam tun da aka sace, ya zama makaho ga duk abin da ke tafe ta gefensa. Tun daga 2 ga Afrilu 1972, da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, direba a hagun mota yake zaune, saboda haka gefen damansa ne ya fi yi masa nisa da duhu. A babbar mota abin ya fi tsanani: babur yana iya tafiya daura da tirela ta dama tsawon lokaci direban bai san da shi ba, in kuma za ta sha kwanar dama takan fara buɗewa hagu, ta bar wani fili mai ruɗi, sa'an nan bayanta ya rufe shi. Mutane da yawa sun halaka a wannan fili. Mai babur ya riƙe wannan: in bai hango fuskar direba a cikin madubin motar ba, to direban ma bai gan shi ba. Tsakanin manyan motoci biyu kuwa, ko tsakanin babbar mota da bakin kwalbati, ba wurin shiga ba ne ko da rata ta yi faɗi.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, da jami'an duba lafiyar ababen hawa na jihohi, suna iya tsayar da mai laifi, amma ba su iya zama a kan kowane babur. Shugabannin ƙungiyoyin 'yan acaɓa da kamfanonin kai saƙo sun fi su kusa da mahaya, kuma su ne ke iya hana babur marar madubi ɗaukar layi a tasha. Fasinja ma yana da ta cewa, tunda gwiwarsa ce a waje: yana iya ƙin hawa.

Yadda ake daidaita shi

Madubin da ba a daidaita ba nauyi ne kawai. Ana daidaita shi ne mahayi yana zaune yadda ya saba zama, babur a miƙe a kan tayoyinsa, ba a jingine kan jak ba. A fara da sandar: a kwance notin gindinta, a juya ta har ta yi daidai da layin kan babur ko ta ɗan leƙa gaba, a ɗaure tam. Sa'an nan a juya fuskar madubin da hannu, har ya zama ɗan gefen hannun mahayi kaɗai ke bayyana a kusurwar ciki, sauran duka hanya ce. In rabin madubin riga ce, ba a yi daidai ba. A sa wani ya tsaya a baya kamar taku goma, ya riƙa matsowa ta gefe, mahayi yana kallonsa har ya ɓace daga madubin; inda ya ɓace, nan maɓoya ta fara, kuma yana da kyau kowane mahayi ya ga wannan da idonsa sau ɗaya. In za a ɗauki fasinja ko kaya masu nauyi, bayan babur yakan zauna, madubi ya koma kallon ƙasa, sai a sake taɓa shi kafin a tashi.

Madubin da ke karkarwa har hoto ya dushe, galibi noti ne ya saki ko sandar ta tsage. A lura, a waɗansu babura zaren notin gefe ɗaya a juye yake, an yi haka ne don in madubin ya bugi wani abu ya kwance maimakon ya karye ko ya fizgi kan babur. Wanda bai sani ba yakan yi ta murɗawa har ya lalata zaren. Da hunturu ƙura kan rufe gilashin cikin yini guda, da damina kuma taɓo, saboda haka ƙyalle a aljihu yana cikin kayan aiki. Ƙananan maduban ado da ba su kai tafin hannun yaro ba, ba su nuna abin kirki. Wanda aikinsa ke kai shi lunguna masu matsi, ko yake tsoron ɓarayi a wurin ajiya, akwai madubi mai gaɓa wanda ake naɗewa a tura babur a wuce, a kuma buɗe shi kafin a sake hawa kwalta.